Wadda Take Gefe

A Porto, a hawa na uku, tagata na duban kogin Douro,
nan nake ajiye su, goma sha ɗaya,
cikin kwalin da danshi bai san ƙofarsa ba.
Ba na rataye su.
Rana ɓarauniya ce mai haƙuri,
lasa take yi, har baƙi ya koma ruwan toka.

Shekara talatin da huɗu ina jan taragon lantarki
daga Infante zuwa bakin teku, in juyo.
Abokan aiki suka sayi gonakin inabi da guminsu,
ni na sayi takarda.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Telmo Varejão. Sunan kaɗai yakan ɗaga farashi.
Shi ya tsaya a gaɓa tun kafin a haife ni da wayo,
ya ɗauki matan da ke sauke kwal daga jirage,
kwando a ka, ƙafa ba takalmi,
suna taka katako siriri kamar bakin wuƙa,
ruwa a ƙasa yana jiran wadda za ta yi kuskure.

Dona Eulália mai shago ce ta koya mini ladabin abin:
farar safar hannu, riƙo da gefe,
kada ka yi numfashi a kan fuskar mutane.
Juya bayan, in ji ta, nan kuɗin yake.
Sa hannu da fensir, bakwai cikin ashirin da biyar,
hatimin da ya soma kodewa.
Azurfa ce a jikin takardar, Belmiro,
shi ya sa duhunsa yake da zurfi kamar rijiya.

Akwai wanda duniya ta sani.
Mace a tsakiya, gumi ya ja layi a kan ƙurar kuncinta,
idonta tsaye cikin idon mai kallo.
Wankin farko na saya, a gwanjo,
hannuna na rawa, kuɗin rufin ɗakina ya tafi.
Gefen hagu baƙi ƙirin.
Ya ƙona shi da gangan a ɗakin duhu,
don kada ido ya bar wadda ya zaɓa.

Bara, cikin sanyi, Eulália ta turo mini wani da yatsa.
Wannan wankin tsufa ne, ba shi da daraja,
ya yi shi hannunsa ya soma karkarwa,
dubi yadda ya bar gefen a buɗe.

Na duba.
Inda duhu yake a nawa, ga rabin mutum.
Gwiwar hannu, kunne ɗaya,
gammo na tsumma mai ɗigo-ɗigo,
da ɗan yatsan da ya karye bai miƙe ba,
wanda yakan ja kunnena in na ƙi cin miya.

Deolinda.
Ba ta taɓa cewa an ɗauke ta hoto ba.
Wataƙila ba ta sani ba, kwal ya fi mai hoto nauyi.

Ban gaya wa Eulália ba, ɗan kasuwa ba ya son hawaye,
yana son su, amma sai ya sa musu kuɗi.
Na taya, ta rage, na biya
abin da bai kai kuɗin takalmi biyu ba.

Yanzu da dare nakan jera su a tebur,
mai tsadar da mai arahar.
Shekara arba'in tsakaninsu, ƙyaftawar ido ɗaya ce a ciki.
Me ya tuna, tsohon, da ya ɗage hannunsa daga hasken?
Ko gajiya ce kawai?

Wannan ɗayan na rataye shi, kusa da murhu.
Rana ta zo ta lasa in tana so.
Uwata ta daɗe a duhu.